Tsamiyar Lilo a Garkar Mata

Zuwa ga Baturen da ke kula da filayen bariki, wanda mutanen Sakkwato ke kira Mai Farar Laima.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, kuma zafin garinmu bai matsa maka ba. Bayan haka, wannan takarda daga Habsatu ce, 'yar Malam Buhari, wadda matan unguwarmu ke kira Modibbo saboda ni ke karantar da su. Na rubuta ta da ajami da hannuna, an kuma kwafe ta domin a karanta a zaurukan unguwa, don kada a ce na yi magana a ɓoye. Tafintanka zai karanta maka. Ina roƙonsa ya karanta duka, har wuraren da ba za su yi masa daɗin faɗa ba.

Ranar Alhamis da ta wuce ina tsaye a ƙofar garkarmu da mabuɗi a hannu, maigadin da ka ajiye yana ce mini, "Modibbo, ki yi haƙuri, garkag ga ta bariki ce yanzu." Yana faɗa yana kallon ƙasa, domin uwarsa a hannuna ta koyi Fatiha. A bayana akwai Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina, a kan jaki saboda ƙafarta ba ta kai ta nesa, da matan unguwa ɗauke da tabarmi da ƙwaryar fura. A jikin ƙyauren kuma an rataya sabon kwaɗo wanda mabuɗina bai san shi ba. Da damina ba ma zuwa garka saboda taɓo, wannan ce fitarmu ta farko bayan girbi. Mun ji ana cewa an jera fararen duwatsu a wajen, waɗanda aka shafe da farar ƙasar Kalambaina, amma na ɗauka hanya za a fitar. Sai da na je da ƙafata na gani.

Wataƙila ba a gaya maka labarin wurin ba, to bari in gaya maka. Garka ita ce abin da wasu ke kira lambu. Wannan tana bayan ganuwa, inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Kakata Inno ce ta saye ta da gadonta, ta sa aka haƙa rijiya, aka kewaye ta da katanga, ta dasa lemun tsami da lalle, sannan ta yi hubusi da ita, wato wakafi, ga matan unguwarmu a gaban shaidu, tun kafin ku san hanyar garin nan. Tsamiyar da ke tsakiya kuwa ita kanta Inno a nan ta same ta. Sauran ranaku wani manomi yana shuka albasarsa a ciki, ladansa ya gyara katanga ya yashe rijiya. Amma ranar Alhamis, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, namiji ba ya shiga, ko da kuwa mai albasar ne. Mata su shigo, su aje mayafi, su shimfiɗa tabarma a inuwa, su tsinki lalle, su hau lilon da ke rataye a reshen tsamiya. Shi ke nan abin da ke ciki.

Ga abubuwan da nake so ka ji.

Na farko. An gaya mini hujjarka ita ce ka zo wurin da ranin da ya wuce, ba sau ɗaya ba, har da ranar Alhamis, ba ka tarar da kowa ba. Gaskiya ka faɗa, ni shaida ce, domin ina cikin waɗanda ba ka tarar ba. Duk ranar da za ka zo, masinjanka yakan riga ka da gudu, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya cewa maza na tafe. Mu kuma mu yi abin da aka koya mana tun muna ƙanana: mu naɗe tabarmi, mu fita ta ƙaramar ƙofar baya, mu tsuguna cikin rake har baƙo ya gama abin da ya kawo shi. Ranar ƙarshe da ka zo, ina leƙenka ta tsakanin karan rake. Ka tsaya ƙarƙashin tsamiya da laimarka, ko da yake inuwar ta ishi mutum arba'in, ka duba gabas ka duba yamma, ka rubuta wani abu. Lilon yana kaɗawa a lokacin, domin wadda ta sauka daga kansa ba ta daɗe da sauka ba. Ranar kuwa babu iska. Na yi zaton mutumin da ya ƙetaro teku don ya auna ƙasar wasu zai tambayi kansa me ke kaɗa igiya. Mun kauce maka don girmamawa, kai kuma ka rubuta cewa babu mu. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, ban kuwa ga laifinka a kan makantar ba. Laifin da na gani shi ne ba ka nemi ɗan jagora ba.

Na biyu. An ce ka tambaya. Ka tara mai unguwa da dattawa a zaure, ka ce wane ne mai wannan garka. Mai unguwa ya ce ba ta kowane ɗayansu ba ce, sauran suka gyaɗa kai. Shi ma gaskiya ya faɗa. Abin da ba ka sani ba shi ne, a garin nan mutum mai mutunci ba ya ambaton matansa a gaban baƙo, balle ya ce ga inda suke zuwa su aje mayafi su yi lilo. A zauren nan babu wanda matarsa ko uwarsa ba ta san santsin wannan igiya ba, amma kowa ya gwammace a ƙwace garkar da ya buɗe baki ya faɗi haka a gaban Bature. Na je wurin mai unguwa bayan abin da ya faru. Ya yi mini magana ta bayan labule, ya ce bai san abin zai kai nan ba, ya ce maganar bariki ba ta da kan kamawa, in yi haƙuri. Haƙuri dai shi ne abin da kowa ke da shi da yawa don ya ba mace. Game da tafintanka kuwa, ɗan garin nan ne, ya san amsar tun kafin ka yi tambayar. Ba na zarginsa da mugunta. Kunyar da ta ɗaure bakin dattawa ita ta ɗaure nasa. Amma su ba a ɗauke su aikin faɗa maka abin da ba ka sani ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barin maganar. Kai kana fita duk yamma a kan doki, ka sha iska a bakin gulbi, ka harbi agwagwa in ka ga dama. Matar aure a unguwarmu takan yi mako ba ta ga sama ba sai gwargwadon faɗin tsakar gidanta. Ban rubuto don in kai maka ƙarar wannan ba, tsakaninmu ne da mazanmu, ba kuma a gabanka za mu yi ta ba. Na faɗa ne don ka gane me rana ɗaya a garka take a wurin irin wannan mace. Mazan sun yarda da fitar saboda akwai katanga, saboda kuma iyayensu mata sun yi ta. In babu katangar, babu fitar. Ba za su ce a nemi wani wuri ba. Za su ce to, a zauna gida.

Akwai kuma al'adar da Inno ta bari. Macen da mijinta ya rasu, in ta gama takaba, Alhamis ta farko garka ake kai ta. A yi mata lalle, a zaunar da ita a kan lilo, tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta tura ta. Ba a cewa komai. Ana ta turawa har sai ta yi dariya ko ta yi kuka, duk wanda ya riga zuwa, sannan a sauke ta a ci abinci. Ba ya cikin littafi, na kuwa karanta littattafan da mahaifina ya bari, ban ga inda aka hana ba. Ni ma an yi mini da mijina ya rasu. Na fito daga takaba ina jin kamar an cika mini ƙirji da yashi, ina ganin ni da na san hukuncin mutuwa a karance ba na bukatar wasan yara. Goggo Kulu ta ce, "Hau, Modibbo, ilimi bai hana zuciya nauyi." Na hau don kada in yi mata musu. Da lilon ya ɗaga ni har na hango fadama ta saman katanga, da shanu, da masu jan ruwa da jigo, sai kukan da na riƙe tun ranar jana'iza ya ɓalle. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Yanzu 'yata Hassu ce ke cikin takaba. Zazzaɓi ya ɗauke mijinta da damina, ya bar ta da goyo. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yin magana sai an tambaye ta. Tana zaune tana fuskantar bango, ana miƙa mata yaron ta shayar ta mayar. Na yi mata addu'o'in da na sani, na kuma san cewa waraka ta Allah ce, ba ta itace ba. Amma na ga abin da wurin nan ya yi wa mata da yawa, na ga abin da ya yi mini, shi nake jira. Takabarta za ta ƙare cikin watan gobe. Da na dawo ranar Alhamis ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi ƙwaryar furar da ba a taɓa ba, ta mayar da fuskarta bango. Ban san abin da zan ce mata ba in ranar ta zo.

Na huɗu. Na tambayi maigadi me ake yi da garkar. Ya ce wasa ne: ana bugun wata 'yar farar ƙwallo da sanda, a bi ta a ƙafa, a sake bugu, har ta faɗa rami, sannan a ciro ta a nufi wani ramin. Ya ce an rushe katangar ta ɓangaren bariki don ƙwallon ta sami hanya. Ke nan garkar a kulle take ta wajen gari, a buɗe ta wajenku. Ban raina wasanku ba. Duk wanda ya ga tsohuwa mai jikoki tana shawagi a kan igiya ba shi da bakin yi wa wani dariya a kan abin da ke faranta masa rai. Na kuma yarda mutumin da ya bar ƙasarsa ya zo ya zauna cikin zafinmu yana bukatar abin da zai ɗebe masa kewa. Abin da ban gane ba shi ne, fili ya cika tsakanin bariki da hanyar Runjin Sambo, fili wanda ko akuya ba ta damu da shi ba, amma sai kan wurin nan ɗaya raminku ya faɗa.

Ya kuma ce tsamiyar ta tsaya tsakanin rami da rami, ƙwallonka ta maƙale a cikin rassanta har sau da dama, saboda haka ka ba da umarni a sare ta kafin babban bikinku na lokacin sanyi. Na ga jan fentin da aka shafa mata a gindi ta tsagar ƙyaure. Goggo Kulu ta ji wannan daga kan jakinta, ta ce a gaya maka, ga shi kuwa na gaya maka kamar yadda ta faɗa: "Icce bai tahiya. Ƙwallo ka tahiya. Wanda ka tahiya shi ka kaucewa." Katanga in an rushe a sake ginawa da rani ɗaya. Kwaɗo a cire. Tsamiya irin wannan kuwa, in ta faɗi, jikar Hassu ma ba za ta ga wadda ta isa ɗaukar lilo ba.

Ina tunatar da kai kuma, cikin ladabi, cewa lokacin da kuka zo kun ce ba za ku sa hannu a abin da ya shafi addininmu ba. Hubusi addini ne. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a kyauta da shi, ba kuma ya zama na wanda ya tsinta don ya zo bai tarar da kowa ba. Daga cikin waɗanda suka ji Inno da kunnensu Goggo Kulu na nan da rai, akwai wasu ma. Duk mata ne. In kana son jin su, za su yi magana ta bayan labule, sai dai wannan karon ka hana masinjanka riga ka zuwa.

Na biyar. A al'adarmu ba a ambaton matar mutum a bainar jama'a. Wannan al'adar ce ta ci mana garka, saboda haka yau na aje ta a gefe, ka gafarce ni. Maigadi ya ce tun da ruwa ya ɗauke, uwargidanka takan zo wurin ita kaɗai da la'asar, lokacin da kake wajen aiki. Ta cire hularta ta aje a gindin tsamiya, ta hau lilon, ta daɗe. Ya ce yakan juya baya, amma kunne ba shi da ƙyaure. Abin da ya ji ban rubuta shi a nan ba, nata ne. Na dai san garin nan ba shi da mace irinta da za ta yi hira da ita sai ɗaya ko biyu, uwarta kuma tana bayan teku. Ban yi mamakin da ta gano lilon ba. Ita ba ta bukaci tafinta ba.

To ga hukuncin da Inno ta aje, ban ƙara ba, ban rage ba. Duk macen da ta hau lilon nan ta zama 'yar garka. Tana da rabo a cikin tsamiyar da aka kaɗe kowace shekara, a kanta kuma akwai damin rama ɗaya bayan girbi, domin igiyar ba ta wuce shekara, kowane gida ke kawo nasa a tufka sabuwa a ɗakin Goggo Kulu. Inno ba ta ce sai baƙar mace ba, ba ta ce sai Musulma ba. Mun zauna mun duba, babu wadda ta yi musu. Tare da wannan takarda akwai curin tsamiya guda a cikin ƙwarya, daga ta bara, rabon uwargidanka ne. A jiƙa a tace, a sa a kunu. Ramar kuwa ba ma gaggawa, amma a gaya mata igiyar da take hawa ta bara ce, ta sha damina, mu da mun shiga da tuni mun sauya ta. Kada ta yi nisa da ita sama.

Abin da nake roƙo kaɗan ne.

A dakatar da gatari. Wannan shi ne na gaba da komai, domin shi kaɗai ne ba a gyarawa.

A mayar da katangar da aka rushe, a cire kwaɗon, a mayar da garkar ga waɗanda aka yi hubusi dominsu. In wannan ya fi ƙarfinka kai kaɗai, ka kai maganar inda ta dace, ka kuma faɗa musu cewa wurin da aka rubuta babu kowa, akwai mutane, ɓuya suka yi.

In duk wannan zai ɗauki lokaci, kamar yadda na ji al'amuran bariki kan ɗauka, to a ba mu Alhamis. Ku riƙe sauran ranakun har a gama shari'a, mu za mu kawo zana mu toshe inda aka rushe. Ranar kuwa namiji ba ya shiga, har da kai, ranka ya daɗe. Uwargidanka tana iya zuwa, wurinta ne.

In kuma ko Alhamis ba za ta samu ba, ina roƙon guda ɗaya tak, ta farko bayan Hassu ta fita takaba. Ban saba roƙon abin da yake nawa ba, amma a kan wannan na roƙa.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama aikinka a ƙasar nan ba tare da hakkin kowa a wuyanka ba. Allah ya mayar da kai da iyalinka gida lafiya, ka tarar da itatuwan da ka bari suna tsaye.

Kafin mu bar ƙofar ranar Alhamis, Goggo Kulu ta ce ita ba za ta koma ba sai ta ga tsamiyar. Maigadi ya duba hanya, ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙyauren kamar faɗin tafin hannu. Kada a hukunta shi, tsohuwa ce ta sa shi, ba wanda ya shiga. Ta leƙa ta daɗe, ta ce tsamiyar ta yi 'ya'ya bana fiye da bara. Sai ya ja ƙyauren ya rufe, ya mayar da kwaɗon. Na ɗaure mabuɗina a bakin zane, na kama igiyar jakin, muka hau tudu zuwa gari. Mabuɗin yana nan a wurina, ban aiko maka da shi ba.

Wassalam.

Ni ce,
Habsatu 'yar Malam Buhari,
a madadin matan garka.